Wai akwai ƙasar da ake zaɓen fidda gwani na gaskiya, ko ko'ina ɗauki-ɗora ne?

Ɗan Yelwa, Garwa

Salamu alaikum jama'a, ya zafi, ya iyali. Dan Allah masu bin siyasar duniya ku zo ku raba mu gardama, don jiya da daddare a teburin mai shayinmu saura ƙiris mu ba hammata iska ni da wani abokina, har mai shayin ya ce mu tashi mu ba shi bencinsa tunda kofi ɗaiɗai muka sha muka zauna awa biyu muna ihu.

Ni abin da na ce shi ne mu a nan Kamaru ba ranar zaɓe ake cutarmu ba, tun kafin ranar an gama da mu. Ku tuna zaɓen Oktoba 2025, ka shiga ka tarar da takardu 12 jere a kan tebur kowacce da hoton mutum, ka kwasa ka shiga bayan labule ka sa ɗaya a ambulan ka jefa, shi ke nan wai ka yi zaɓe. To amma mutum 12 ɗin nan wa ya tambaye ka kafin a buga hotonsu? Ni dai tunda nake ban taɓa ganin ranar da aka tara 'yan jam'iyya a kartiye, wato unguwa, aka ce ga mutum uku suna son tikitin shugaban ƙasa ku fid da ɗaya ba. Na ce da irin na Amurka muke yi, inda ake bi jiha jiha wata da watanni talaka na jefa ƙuri'a har gwani ya fito, da ba mu zauna haka ba.

Sai abokin nan nawa ya bushe da dariya wai ni baƙauye ne, wai a Amurkan ma ɗauki-ɗora ake yi sai dai nasu da kwat da kirabat, wai akwai wani tsoho Bani Sandas da jam'iyya ta yi wa fashi da rana tsaka a 2016 ta ba matar Kilinton. Ni ban san labarin sosai ba, ƙarfin hali kawai na yi na ci gaba da musu.

Kuma abin yana min ciwo ne don na ɗanɗana a ƙaramin mataki. Lokacin zaɓen meri, wato na ƙananan hukumomi, na 2020 mun yi taro a kartiyenmu har sau uku, matasa da dattijai muka amince da wani yaro mai kirki a sa shi a lis ɗin konseye, wato jerin masu neman kansila, muka yi karo-karo muka haɗa masa dosiye, wato takardun takara, lis ya tafi sama, da ya dawo sunansa babu, an maye da ɗan ƙanin wani babban mutum wanda ko hanyar masallacin unguwar bai sani ba. Ba zan faɗi jam'iyyar ba don kar a ce kamfe nake wa wata.

To tambayata, da gaske ne a Amurka ma jam'iyya ce ke zaɓa? In haka ne ina ne ake yin na Allah da Annabi?

Malam na Lakwal, Marwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya rabi, kai ma ka yi gaskiya rabi, kuma rabin naka ya ɗan fi nasa girma. Ka yi haƙuri zan ja zancen da tsawo, halin malamai ne.

Da farko wannan tsarin da kake yabo ba tsoho ba ne. Har zuwa 1968 manyan jam'iyya ne ke riƙe da akasarin wakilai, gwamnoni da magadan gari da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago. A shekarar nan Dimokurat suka tsai da Hamfiri, mataimakin shugaban ƙasa, mutumin da bai shiga zaɓen fidda gwani ko a jiha ɗaya ba, alhali matasa masu adawa da yaƙin Biyetnam sun yi ta jefa wa wasu ƙuri'a. A babban taronsu na Shikago 'yan sanda suka yi ta jibgar masu zanga-zanga a titi ana nunawa a talabijin, aka zo zaɓe Hamfiri ya faɗi. Kunyar nan ce ta sa suka kafa kwamiti aka canza doka, aka ce daga yanzu wakilai su fito daga ƙuri'ar jama'a. To da aka saki wa jama'a linzami, a 1972 suka fid da Makgoban, ya je zaɓen gama-gari ya sha kaye a jihohi 49 cikin 50. Manya suka ce kun gani ko, ga abin da yara suka jawo. Shi ne a 1982 wani kwamitin ya ƙirƙiro abin da suke ce wa supa-daliget, wato gwamnoni da 'yan majalisa da jagororin jam'iyya waɗanda ke zuwa taro da ƙuri'arsu a aljihu, ba ruwansu da abin da jiharsu ta zaɓa.

Yanzu 2016. Waɗannan manyan wakilan sun haura 700, kusan kashi 15 cikin ɗari na duka wakilai. Tun a ƙarshen 2015, ko mutum ɗaya bai jefa ƙuri'a ba tukun, sama da 350 daga cikinsu sun riga sun ce suna tare da Hilari matar Kilinton, na Sandas ko goma ba su cika ba. Kuma 'yan jarida sai su haɗa wannan lissafin da na ƙuri'a su nuna a allo, mai kallo ya ga tazara kamar daga nan zuwa Duwala ya ce to me zai fitar da ni cikin sanyi. A Niyu Hamsha Sandas ya ci da wajen kashi 60, amma da aka haɗa da manyan wakilan jihar sai lissafi ya zo kusan kunnen doki. Muhawarar talabijin ma guda shida aka tsara da farko, wasu a daren Asabar lokacin da mutane ba sa zama kallo. Sai ga WikiLeaks a watan Yuli ta fasa ƙwai, ta saki saƙonnin ma'aikatan hedikwatar jam'iyya inda ake ganin wasunsu ba sa ƙaunar Sandas ko kaɗan, dole shugabar jam'iyyar ta ajiye muƙami ana jajibirin babban taro. Daga baya a 2017 matar da ta riƙe jam'iyyar na wucin gadi ta fito ta ce tun 2015 akwai yarjejeniyar kuɗi tsakanin hedikwata da ofishin kamfen ɗin Hilari, jam'iyya na fama da bashi, su kuma suka tallafa amma da sharaɗin a riƙa jin ta bakinsu a wasu harkoki.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ka gaya wa abokinka kalmar fashi ta yi nauyi. Ba wanda ya sace akwati, ba wanda ya canza takardar sakamako a hanya. Hilari ta samu ƙuri'a kusan miliyan 17, Sandas miliyan 13 da 'yan kai, ko da an cire manyan wakilan nan gaba ɗaya ita ce a gaba, don baƙaƙen fata na jihohin kudu da tsofaffin 'yan jam'iyya ita suka bi. Abin da ya faru kamar ka je kallon ƙwallo a filin Rumde Ajiya na Garwa ne ka hango rigar ƙungiyar Koton a ƙarƙashin rigar alƙalin wasa, ƙwallayen da aka ci duk na halal ne, amma wanda aka ci ba zai taɓa yarda ba, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ni, magoya bayan Sandas sun kai ƙara kotu a Filorida, lauyan jam'iyya ya tashi gaban alƙali ya ce ai jam'iyya ƙungiya ce mai zaman kanta, da ta ga dama za ta iya shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta zaɓi ɗan takara kamar yadda ake yi a da, kuma ba dokar da ta karya. Aka kori ƙarar a 2017. To amma dai surutun ya yi amfani, a 2018 suka canza doka, manyan wakilai ba sa jefa ƙuri'a a zagayen farko.

Mai Canji, Gidar

Malam Allah ya ƙara ilimi, wlh na ƙaru. Amma ni dariya ma kuke ba ni da kuke kuka akan saƙon imel da muhawarar daren Asabar, ku zo ku ji na maƙwabta. Ni harkata tsakanin nan da Mubi ce, kuma a 2022 lokacin fidda gwanin Najeriya duk wanda ke taɓa canji ya san abin da dala ta yi a 'yan kwanakin nan, kasuwa ta ɗau zafi kowa na cewa 'yan siyasa ne suka kwashe za a sallami daliget. Ni ban ga an ba kowa da idona ba amma zancen har a bakin yara.

Dubi lissafin kawai. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100, a PDP miliyan 40, tun daga ƙofa an gaya maka waye ba a gayyata ba. Sannan masu zaɓen su nawa ne? PDP wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, ƙananan hukumomi 774 ne, APC uku uku. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, 'yan ɗaruruwa ne a jam'iyya ɗaya da dubu biyu da wani abu a ɗayar suka yanke wa kowa hukunci, kuma kowane daliget gwamnansa ne ya rubuta sunansa ya sa shi a mota ya kama masa otal a Abuja. A na PDP Atiku namu na Adamawa ya samu 371 Wike 237, kuma kowa ya ga yadda Tambuwal ya hau mumbari a daren ya ce ya janye mutanensa su bi Atiku, nan take wasa ya canza. A APC kuwa ana saura kwana ɗaya shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ce wai an yi maslaha akan Ahmad Lawan, gwamnonin arewa suka ce ba da mu ba, mulki ya koma kudu, Tinubu ya tashi da 1,271, Amaechi 316, Osinbajo mataimakin shugaban ƙasa guda 235. Ka ga nan shugaban jam'iyya ya so ɗauki-ɗora bai samu ba, amma ba talaka ne ya hana shi ba, wasu manyan ne suka fi shi ƙarfi.

Kuma kar wani ya ce min ai 'yar tinƙe ce magani. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ne a takarar, aka sanar ya samu ƙuri'a sama da miliyan 14. Da wa ya kara? Da inuwarsa.

Klando 4 Ever

Hhhhh da inuwarsa 😂 Alhaji mai canji ka kashe ni. Su dai sun ma samu daliget ɗin da ake ba wani abu, mu nan ko ruwan leda. Ku bar wahalar da kanku, duk kanwar ja ce.

Baba Usmanu, Kakatare

Assalamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan baƙin nan.

Ɗana Ɗan Yelwa, na ji zafin da kake ji akan yaron unguwarku, kuma ba a kyauta muku ba. Amma zan faɗi abin da ba za ku so ba. Jam'iyya gida ce, ba kasuwa ba. Akwai waɗanda suka gina ta, suka sha ɗauri, suka sai da shanunsu suka yi mata hidima lokacin da faɗin sunanta ma laifi ne. Sai rana ɗaya baƙo ya shigo da takalminsa ya ce a ba shi ɗakin maigida don yara suna tafa masa? Shi wannan Sandas da Malam ya ba da labari, Malam ka manta ba ka faɗa musu ba, ai shekara da shekaru ba ɗan Dimokurat ba ne, ɗan ba-ruwana ne a majalisar dattawa, sai da zai nemi shugabanci ya shigo inuwarsu. In 'yan gida sun fi son wadda ta yi shekara talatin tana tara musu kuɗi tana zuwa musu biki da jana'iza, wannan ba zalunci ba ne, halin ɗan Adam ne.

Kuma ku dubi ɗaya ɓangaren. A shekarar nan dai ta 2016 manyan Rifablikan ba wanda ke son Tiramp, suna da ɗan gidan Bush wanda aka tara masa sama da dala miliyan 100, mutum 17 suka fito, manya suka kasa haɗa kai akan ɗaya, Tiramp ya bi ta tsakiya ya cinye su ɗaya bayan ɗaya ya ƙwace gidan, yau jam'iyyar tasa ce. Wanda ke son sa zai ce jama'a sun yi magana, wanda ba ya so zai ce ina ma manya sun iya rufe ƙofa. Kowa yana yabon dokar da ta ba nasa ne.

Mu nan mun ga namu. Ina da ƙarfina a Janairun 1992 da aka yi kongire, wato babban taron jam'iyyar UNDP, a Garwa, aka sauke Samuwel Ebuwa aka ɗora Bello Buba Maigari wanda bai daɗe da dawowa daga gudun hijira a Najeriya ba. Mu 'yan arewa murna muka yi ta yi, mun ce gida ya dawo hannun mai shi, mutanen Ebuwa kuwa suka ce juyin mulki ne, ya fita ya kafa tasa. A watan Maris jam'iyyar ta ci kujera 68 a majalisa. Da Oktoba ta zo, Fru Ndi na jam'iyyar adawa ta SDF ya tsaya, Bello ya tsaya, shugaban ƙasa Biya ya samu wajen kashi 40, Fru Ndi 36, Bello 19. Ku haɗa 36 da 19 da kanku. Zaɓenmu zagaye ɗaya ne, wanda ya fi yawa ya ɗauka. Da a lokacin akwai wasu dattijai masu ƙarfin da za su shiga ɗaki su rufe ƙofa su ce wane ka janye wa wane, wato irin ɗauki-ɗoran da kuke zagi, da tarihin ƙasar nan wani ne daban. Ba a samu ba. Bayan wata ɗaya Hamadu Mustafa da Isa Ciroma suka shiga gwamnati ba da yardar jam'iyya ba, daga baya kowa ya kama gabansa da tasa jam'iyyar. Shekara 33 bayan nan, 2025, ga Ciroma ga Bello, 'yan jiha ɗaya, tsofaffin 'yan gida ɗaya, kowa da takardarsa a kan teburin nan da ka ce. Na gaji, a yi min afuwa in na ɓata wa wani.

Maman Ikram, Ngaundere

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ba ka ɓata wa kowa ba. Amma ka yi haƙuri Baba, ni 'yarka ban gamsu da maganar gida ba. In gida ne to a ce mana gida ne mu san matsayinmu, kar a kira mu militan a ɗinka mana atamfa mai hoto a tsai da mu a rana ranar bikin ƙasa na 20 ga Mayu muna rawa, sannan ranar yanke shawara a ce yara da mata su jira a zaure. Gidan da ake karɓar kuɗin katinka amma ba a tambayarka komai, wannan haya kake ba gado ba.

Kuma ai mu ba mu ma kai matakin da za a yi mana maguɗin fidda gwani ba, don babu shi. A RDPC mai mulki rubuce yake a dokar jam'iyya, shugaban jam'iyya na ƙasa shi ne ɗan takarar shugaban ƙasa, shi ke nan an rufe littafi, kuma kongire na ƙarshe da aka yi tun Satumbar 2011 ne. 'Yan adawar ma da ke zagin wannan, yawancinsu wanda ya kafa jam'iyya shi ne shugaba shi ne ɗan takara shi ne ma'aji har Allah ya karɓi abinsa. Mace ɗaya tal da ta fito a cikin 12 ɗin nan, magajiyar garin Fumban, na ji daɗin ganinta wlh, amma ita ma jam'iyyar marigayi mijinta ce ta gada. Wanda na ga sun ɗan kwatanta su ne SDF a 2018, Fru Ndi ya ja baya aka yi ƙuri'a a kongire a Bamenda Joshuwa Osi ya ci, ya je zaɓe bai kai ko kashi 4 ba, lokacin yankinsu yana cin wuta mutanensu ba su fita ba.

Ni ina sauraron labaran Faransa sosai saboda ƙanena yana can, su sun gwada buɗe ƙofa gaba ɗaya. A 2016 'yan dama suka ce kowa ya zo ya biya yuro 2 ya jefa, mutum sama da miliyan huɗu suka fito, aka kayar da Sarkozi tsohon shugaban ƙasa tun zagayen farko, Fiyon ya ci. 'Yan gurguzu su ma suka yi nasu jama'a suka ba Hamon. To me ya faru? Fiyon abin kunyar albashin matarsa ya fito jam'iyya ta rasa yadda za ta sauke shi tunda jama'a ne suka ɗora, Hamon kuma manyan jam'iyyarsa suka watse suka bar shi, har tsohon firaminista Vals da ya sa hannu cewa zai goyi bayan duk wanda ya ci ya koma wa Makron, Hamon ya ƙare da kashi 6. Makron da bai shiga fidda gwanin kowa ba shi ya ɗauka. Wato ko kun zaɓa, in manya ba su so, naɗe hannu kawai za su yi su bar ku da kayanku a tsakiyar kogi. Na san wannan kamar yana ƙarfafa maganar Baba ne, amma ni abin da na gani a ciki rashin amanar manya ne ba wautar talaka ba.

Ɗan Yelwa, Garwa

Kai jama'a na gode, wlh ban zaci zan samu haka ba. Baba na ji maganarka kuma lissafin 36 da 19 ɗin nan ya hana ni sukuni tun ɗazu. Amma Baba yaron da muka tsayar ba baƙo ba ne, a unguwar aka haife shi, shi ke manna fosta shi ke jera kujeru tun yana ɗan lakwal, baƙon shi ne wanda aka kawo mana. Hajiya Maman Ikram kin faɗi abin da ke raina, haya muke.

Malam tambaya ɗaya ta rage, ka ce sun gyara doka a 2018, to daga nan manya sun cire hannu ke nan?

Malam na Lakwal, Marwa

Ina fa. Hannu ya bar akwati ya koma waya. A 2020 Sandas ya sake fitowa kuma ya fara da ƙarfi, Baidin ya zo na huɗu a Ayowa na biyar a Niyu Hamsha har an fara yi masa ta'aziyya. Sai wani dattijon ɗan majalisa baƙar fata mai suna Kilaiban ya ɗaga hannunsa a Karolaina ta Kudu, ya ci jihar ranar 29 ga Fabrairu, cikin kwana biyu 'yan takara biyu masu ra'ayi irin nasa suka janye suka bi shi, ranar 3 ga Maris da jihohi 14 suka yi zaɓe rana ɗaya ya share yawancinsu. Alhaji mai canji, ka ga Tambuwal ɗinsu ke nan. Ba doka ɗaya da aka taka, kuma mutane ne suka jefa ƙuri'ar da hannunsu, sai dai an rage musu kwanukan da ke kan tabarma kafin su zauna. A 2024 kuma abin ya fi fitowa fili, Baidin ya ci fidda gwani kusan ba hamayya, ya yi muhawara da Tiramp a ƙarshen Yuni tsufa ya bayyana, manya da masu ba da kuɗi suka matsa, ranar 21 ga Yuli ya janye, wakilai suka ba Kamala Haris tikiti ba tare da ta ci fidda gwani ko a jiha ɗaya ba, kamar dai Hamfiri na 1968. Ita ma ta faɗi.

Baba gaskiyarka akan Sandas, na tsallake wannan kuma bai kamata ba. Inda na rabu da kai shi ne, a can in manya sun yi, ana ganinsu, ana kai su kotu, shugabar jam'iyya na rasa kujera, ana canza doka bayan shekara biyu. Mu kuwa akwai wata ƙofar ma bayan ta jam'iyya. Kosiyon, wato kuɗin ajiya na takara, miliyan 30 na sefa, sannan dole jam'iyyar da ta tsai da kai ta kasance tana da zaɓaɓɓu, in ba haka ba ka nemo sa hannun manyan mutane 300, talatin daga kowace jiha cikin goma, kuma manyan nan su ne depite, wato 'yan majalisa, da konseye da manyan sarakuna, ka san inda akasarinsu suka jingina. Dosiye 83 aka kai hukumar zaɓe ELECAM a 2025, 13 suka wuce a tashin farko, daga baya aka rage ɗaya suka zama 12. Kamto da ya zo na biyu a 2018, jam'iyyarsa ta ƙaurace wa zaɓen 2020 ba ta da zaɓaɓɓe ko ɗaya, ya je ya ari rigar jam'iyyar MANIDEM, sai ga wani shi ma ya kai dosiye da sunan MANIDEM ɗin, aka ce jam'iyya ɗaya 'yan takara biyu, aka ajiye su duka, majalisar tsarin mulki ta tabbatar. Kowa da yadda yake fassara wannan, ni dai na faɗi abin da ya faru ne.

Abba Kuseri

Slm, na zo a makare rezo ne ya hana. Mu da ke tsallaka gadar Ngeli kullum muna ganin na Chadi, can ma jam'iyyar MPS tun da marigayi Debi ya kafa ta ba ta taɓa tsai da wani ba shi ba har ya rasu a 2021, a Janairun 2024 suka taru suka ce ɗansa Mahamat, aka tafa aka tashi. Majalisar tsarin mulki ta karɓi mutum 10 ta mai da 10 gida, aka yi zaɓe 6 ga Mayu. Ba wanda ya ma yi zancen fidda gwani balle a yi gardama akai.

Ɗan Yelwa ni tambayata daban ce, yaron nan naku da aka cire, kuɗin dosiyen da kuka yi karo-karo an dawo muku da shi?

Ɗan Yelwa, Garwa

Ko dala Abba. Har hoton da ya ɗauka na fosta yana nan a ɗakinsa, yanzu klando yake yi, haya da babur. Bari in je in nemi abokin nan nawa, na ga alama ni zan biya shayin yau, amma sai ya janye kalmar fashi tukun.